Kafin Mu Yi Wa Gurguzu Tafi, A Tambayi Mutanen Rasha Da Na Cek

 Kwana biyu kun ji ni shiru, ku yi mini afuwa. Ƙafar Baba ce ta motsa, ni kaɗai ke tsaye a rumfa tun daga hantsi har a kira magariba, ga lodi ga lissafin 'yan dako, in na koma gida ko wayar ba na iya dubawa.

Abin da ya taso ni yau wata gardama ce da aka tafka a teburin mai shayin unguwarmu nan Shagamu, yau kusan wata biyu ke nan. Akwai wani abokina, tare muka yi allo, tare muka yi firamare da sakandare. Shi Allah ya ba shi jami'a, ni kuma ya ba ni rumfar goro. Ya dawo hutu da sabon suna, wai Kwamared. Ana cikin kukan tsadar rayuwa sai ya ajiye kofi ya ce, "Ku dai ku yi ta shan wahala kuna cewa haƙuri. Maganin abin nan ɗaya ne, gurguzu. A karɓe dukiya daga hannun masu ita, gwamnatin talakawa ta riƙe gona da masana'anta da kasuwa, kowa ya ci daidai da kowa." Samarin da ke wurin, 'yan acaba da 'yan dako da masu gadi, suka ɗauki tafi. Ban ga laifinsu ba. Duk wanda ya auno mudun shinkafa a 'yan shekarun nan ya san abin da ya sa suka tafa.

Na ce masa, "Kwamared, to Babana fa, ina matsayinsa a wannan sabuwar duniyar taka?" Ya ce, "Ka yi haƙuri ɗan uwa, Alhaji ubana ne, amma gaskiya ɗaya ce. Bai shuka goro ba, bai tsinko ba, ya saya da arha ya sayar da tsada. Irinsu ba su da wurin zama a gurguzu." Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba, kuma ba ni da amsar da zan ba shi a daren. Shi ya sa na yi wata biyu ina bin tarihin abin nan a waya duk sanda ciniki ya lafa. Ga amsata yau, a gaban kowa.

Ƙasashe biyu na ɗauka. Rasha, inda gurguzu ya shiga da bindiga cikin matalautan manoma, da ƙasar Cek, inda ya shiga ta akwatin zaɓe cikin mutane masu ilimi da masana'antu. Hanya daban, mutane daban, amma abin da na gani iri ɗaya ne. Da attajiri ake fara ihu, wuƙar kuma a wuyan ƙaramin ɗan kasuwa da manomi da baƙo take ƙarewa. Mu kuwa nan Kudu, ukun nan duk mu ne: 'yan kasuwa ne mu, 'ya'yan manoma ne mu, kuma baƙi ne mu.

RASHA DA 'YAN BUHU

Bari in fara da ba Kwamared gaskiyarsa. Mutanen Rasha ba don nishaɗi suka yi juyin juya hali ba. Sai a 1861 aka 'yanta manomansu daga bautar masu ƙasa. Kafin nan ana iya sayar da ƙauye da mutanen da ke cikinsa. A Janairun 1905 ma'aikata suka nufi fadar Sarki Nikolas na Biyu da takardar koke, sojoji suka buɗe musu wuta. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo ya cinye samarinsu. A farkon 1917 matan da suka gaji da layin burodi a birnin Petrograd suka fita zanga-zanga, cikin 'yan kwanaki sarki ya sauka. Kafin shekarar ta ƙare jam'iyyar Bolshebik ta su Lenin ta ƙwace mulki da alƙawari uku: zaman lafiya, gona, da burodi. Da ina wurin a ranar, watakila da na yi tafi kamar samarinmu.

To amma mai karatu ka dubi abin da ya biyo baya. An yi zaɓen majalisa a Nuwamban 1917, 'yan Bolshebik suka samu kusan kashi ɗaya cikin huɗu, suka zo na biyu. Majalisar ta zauna kwana ɗaya tak a Janairun 1918, washegari aka tarar da masu bindiga a ƙofa. Tun kafin nan, a Disamba, an riga an kafa 'yan sandan ciki da ake kira Ceka.

Daga nan aka haramta saye da sayarwa tsakanin mutane. Gwamnati ta tura masu bindiga ƙauyuka suna buɗe rumbuna suna kwashe hatsi, wai za a raba a birni. Rabon bai isa kowa ba. Sai ga wasu mutane sun ɓullo, ana ce musu 'yan buhu. Mutum zai ɗauki buhunsa ya ɗare rufin jirgin ƙasa zuwa ƙauye, ya ba da gishiri ko tsohuwar riga ya karɓi gari, ya dawo birni ya sayar. Ana tare su a tasha ana ƙwacewa, ana ɗaure wasu, ana harbe wasu. Duk da haka masana tarihi sun ƙiyasta cewa fiye da rabin abincin da mutanen birane suka ci a shekarun nan ta hannun 'yan buhu ya shigo.

Manomi kuwa ba wawa ba ne. Da ya ga duk abin da ya wuce cikinsa ƙwacewa za a yi, sai ya rage noma. Fari ya zo ya tarar da rumbu wayam. Yunwar 1921 zuwa 1922 ta kashe mutum kusan miliyan 5, musamman a yankin kogin Bolga, kuma ƙungiyar agaji daga Amurka, uwar jari-hujja, ita ta zo ta ciyar da miliyoyi. A Maris ɗin 1921 sojojin ruwa na Kronstadt, waɗanda da ƙarfinsu aka yi juyin, suka yi tawaye, aka murƙushe su. A watan nan dai Lenin ya ja da baya. Aka daina ƙwace hatsi aka koma haraji, aka bar ƙananan 'yan kasuwa su buɗe shaguna. Cikin shekara biyu zuwa uku kaya suka dawo kasuwa.

Kwamared, amsarka ta farko ke nan, kuma daga hannun Lenin ta fito. Ka ce Baba bai shuka goro ba. Haka ne. Amma shi ke ba manomi kuɗi tun goro na bisa itace, shi ya san wanda zai yi ajiya da wanda sankara za ta ci, shi ke biyan matan da ke ɓara da wanki, shi ke sayen ganye, shi ke juya kwando duk bayan 'yan kwanaki, kuma ranar da mota ta faɗi a hanyar Arewa shi ke kwana ba barci. Aikin nan dole wani ya yi shi. In ka kori mai yinsa don riba, ma'aikacin ofis ne zai karɓa, wanda ko goro ya ruɓe ko bai ruɓe ba albashinsa na nan.

STALIN, MANOMI DA TAKARDAR TAFIYA

Lenin ya mutu a 1924, Stalin ya ture abokan takararsa ɗaya bayan ɗaya. Daga 1929 ya rufe wannan 'yar ƙofar da aka buɗe, ya ce duk manoma su haɗe gonakinsu da dabbobinsu su koma gonakin gandu na gwamnati. Aka fito da suna, kulak, ma'ana manomi mai hali. A aikace kuwa, in kana da saniya biyu, ko ka taɓa ɗaukar ɗan ƙwadago, ko kuma maƙwabcinka na jin haushinka, ka zama kulak. A 1930 da 1931 kaɗai mutum kusan miliyan 1.8 aka kwasa a taragon jirgi aka watsar a Saiberiya da wasu wurare masu nisa. Manoma suka gwammace su yanka dabbobinsu da su miƙa. Cikin shekara huɗu shanun ƙasar suka ragu da kusan rabi.

Yunwa ta sake dawowa a 1932 da 1933. A Yukiren ta kashe sama da mutum miliyan 3. A Kazakistan, inda mutane makiyaya ne Musulmi masu yawo da dabbobinsu kamar Fulaninmu, aka tilasta musu zama wuri ɗaya aka karɓe dabbobin, kusan miliyan ɗaya da rabi suka mutu. A cikin wannan yunwar, a Agustan 1932, aka yi dokar da ta sa satar kayan gandu ta zama laifin kisa ko ɗaurin shekara 10, kuma da ita aka ɗaure har matan da suka je kala bayan girbi. A watan nan dai aka yi wata dokar: wanda ya sayi kaya don ya sayar ya ci riba, shekara 5 zuwa 10 a sansanin gwale-gwale. Sana'ar gidanmu tun kakanni ke nan.

Akwai kuma wadda ta fi tsaya mini a rai. A Disamban 1932 aka fito da fasfo na cikin gida. Ba ka zama a birni sai da hatimin izini, kuma manoman gandu ba a ba su fasfon ba, har sai da aka canza dokar a 1974. Shekara arba'in da ɗoriya, mutumin ƙauye ba ya barin ƙauyensu sai shugaban gandu ya sa hannu. Kakana ya baro ƙauyensu da 'yar jakarsa ya gangaro Kudu, bai nemi izinin kowa ba sai na mahaifinsa. Duk wanda ke karanta wannan rubutu a Sabon Ibadan ko Agege ko Onica, wani nasa ne ya yi irin wannan tafiyar. A ƙarƙashin waccan dokar babu cin rani, babu fatauci, babu Zango.

Daga ƙarshe wuƙar ta juyo kan masu riƙe da ita. A 1937 da 1938, bisa takardun 'yan sandan cikin su kansu, an harbe mutum sama da 680,000, ciki har da janar-janar da tsofaffin abokan Lenin.

BAƘO DA MASALLACI

Duk ɗan Sabo ya san yadda gaba ke faɗuwa ranar da gari ya rikice aka fara neman wanda za a ɗora wa laifi. To a can gwamnati ce da kanta ke zaɓar ƙabilar da za a ɗora wa. A 1937 aka kwashe 'yan asalin Koriya daga gabashin ƙasar. A 1941 aka kwashe Jamusawan Bolga. A Fabrairun 1944 aka tattara Ceceniyawa da Ingush, kusan rabin miliyan, maza da mata da jarirai, aka loda su a taragon dabbobi zuwa Asiya ta Tsakiya. A watan Mayu aka yi wa Tatar na Kirimiya haka. Dubban masallatai da coci-coci aka rufe, wasu aka mai da su sito. An tarwatsa babbar cocin Mosko da nakiya a 1931. Al'ummun Musulmi da ke rubuta harsunansu da ajami an canza musu baƙaƙe zuwa na Latin, bayan kamar shekara goma aka sake canzawa zuwa na Rasha, har jika ya kasa karanta wasiƙar kakansa.

ƘASAR CEK: TSALLE ƊAYA

Na san abin da Kwamared zai ce: Rasha ƙasar jahilai ce a lokacin, ga yaƙin basasa, ga takunkumi. To mu tafi ƙasar Cek, a tsakiyar Turai, wadda a lokacin suke haɗe da Sulobakiya da sunan Cekoslobakiya.

Mun san mutanen nan ko da ba mu san mun san su ba. Takalmin Bata da iyayenmu suka sa zuwa makaranta, wanda har yau akwai wurin da ake kira da sunansa a Kano, asalinsa nasu ne. Tomas Bata ɗan baduku ne, shi da 'yan uwansa suka kafa kamfanin a 1894 a wani ƙaramin gari, Zlin. Ga kuma masana'antar Skoda a garin Pilsen. Ƙasar ta samu 'yanci a 1918, tana zaɓe, tana da jaridu, kusan kowa ya iya karatu, kuma jam'iyyar gurguzu, da aka kafa a 1921, tana shiga zaɓe kamar kowa.

Me ya kai su? A 1938, a taron Munik, Ingila da Faransa suka yarda Hitla ya yanki ƙasarsu, ba tare da an ba su kujera a teburin ba. A Maris ɗin 1939 ya mamaye sauran yankin Cek. A Mayun 1945 sojojin Sobiyet ne suka shigo birnin Prag. Wanda abokansa suka sayar, wani kuma ya fito da shi, ai ba a tambayar wa zai so. Bayan yaƙi aka kori Jamusawa kusan miliyan 3 waɗanda kakanninsu suka yi ɗaruruwan shekaru a ƙasar. Da yawansu sun mara wa Hitla baya, gaskiya ne, kuma kusan duk jam'iyyu sun goyi bayan korar, amma da tsofaffi da jarirai aka haɗa. Gidajensu da gonakinsu aka raba, kuma ma'aikatar gona da ta cikin gida, masu rabon, a hannun 'yan gurguzu suke. Ku lura da kyau 'yan uwa: dukiyar da aka fara rabawa ta waɗanda aka kira baƙi ce.

A zaɓen Mayun 1946 'yan gurguzu suka zo na ɗaya da kashi 38 cikin 100, shugabansu Klement Gottwald ya zama firaminista. A 1947 gwamnati ta so karɓar tallafin Amurka na sake gina Turai, Stalin ya kira su Mosko, suka dawo suka ce sun fasa. A Fabrairun 1948 ministoci 12 na sauran jam'iyyu suka yi murabus don nuna fushi kan yadda ake cika 'yan sanda da 'yan gurguzu. Sai jam'iyya ta fito da ma'aikata ɗauke da bindigogi kan titi, Shugaba Benes ya sa hannu ranar 25 ga wata. Bayan mako biyu aka tsinci gawar ministan harkokin waje, Jan Masaryk, a ƙasan tagar gidansa. Zaɓen da aka yi a Mayu jerin sunaye ɗaya ne kawai a takarda. Ba su sake ganin zaɓe na gaskiya ba sai 1990. Bahaushe ya ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ko ya yi dubu ba zai fito ba.

Manyan kamfanoni irin su Bata tun 1945 aka ƙwace su; a 1949 har sunan garin Zlin aka canza aka sa masa na Gottwald. Takalmin da ya iso mana daga reshen iyalin da suka ci gaba da sana'a a ƙasashen waje ya fito. Ƙananan 'yan kasuwa kuwa an ce su kwantar da hankalinsu, har tsarin mulkin 1948 ya rubuta cewa za a kare ƙaramar sana'a. Kafin shekara goma sha biyu kusan babu mai shago, babu tela, babu wanzami, babu mahauci mai zaman kansa. Da haraji da hana kaya da barazana aka kai su ƙasa, 'ya'yansu kuma aka riƙa toshe musu hanyar makarantu saboda sana'ar iyayensu.

A Yunin 1950 aka rataye Milada Horakova, lauya 'yar majalisa wadda ta sha ɗauri a hannun 'yan Nazi. A 1952 aka gurfanar da Rudolf Slansky, wanda ya riƙe babban sakataren jam'iyyar kanta, da wasu 13. Cikin su 14, 11 Yahudawa ne, kuma 11 aka rataye. Fursunonin siyasa dubbai aka tura haƙar yuraniyom a Jachymov, ana kai wa Tarayyar Sobiyet.

RANAR DA KUƊI YA ZAMA TAKARDA

Duk wanda ya kwana a layin banki a farkon 2023 zai gane wannan. An yi ta jita-jitar canjin kuɗi, hukuma na musantawa, sai ga shi ranar 1 ga Yunin 1953 an canza. Albashi da farashi aka raba da biyar. Kuɗin hannu kuwa, koruna 300 na farko ga kowane mutum aka canza biyar a ɗaya, duk abin da ya haura haka hamsin a ɗaya. Ka yi lissafin: kashi tara cikin goma na abin da ka ɓoye a ƙarƙashin katifa ya tafi a dare ɗaya. Su wa suka fara fitowa titi? Ma'aikatan Skoda na Pilsen, waɗanda aka ce mulkin nasu ne. Aka turo musu jami'an tsaro, ɗaruruwa aka gurfanar. A Rasha ma haka: a 1962 ma'aikatan garin Nobocerkask suka fito kan ƙarin kuɗin nama da man shanu, sojoji suka harbe sama da 20, aka binne su a ɓoye.

1968

Kwamared zai ce tsarin mai kyau ne, shugabannin ne miyagu. An gwada wannan ma. A Janairun 1968 Alexander Dubcek ya karɓi jam'iyya. Ɗan gurguzu ne na haƙiƙa, a Tarayyar Sobiyet ya taso. Bai ce zai dawo da jari-hujja ba. Cewa ya yi a bar mutane su yi magana, a daina tace jaridu, a sassauta. Wata takwas aka ba shi. Daren 20 ga Agusta tankoki suka shigo daga Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta, aka ɗauke shi zuwa Mosko. Kafin shekarar ta ƙare mutum 137 sun mutu sanadiyyar mamayar. A Janairun 1969 wani ɗalibi, Jan Palach, ya cinna wa kansa wuta a dandalin Prag. Kusan rabin miliyan suka rasa katin jam'iyya, malaman jami'a suka koma wankin tagogi da hura tukunyar ɗumama gidaje, shi kansa Dubcek ya ƙare a ma'aikatar gandun daji. Kuma don kada a ce ina zagin mutanen Rasha: mutum takwas daga cikinsu sun fito dandalin Mosko ranar 25 ga Agustan 1968 suna adawa da mamayar, sun san abin da zai same su, kuma ya same su.

Shekara ashirin da suka biyo baya, ba a cika kisa ba, sai dai rayuwar ƙarya. Marubucin wasan kwaikwayo Vaclav Havel ya yi wata maƙala a 1978 da ya gina ta kan mai kula da shagon kayan miya, wanda ke liƙa takardar kirarin jam'iyya tsakanin albasa da karas. Bai yarda da abin da ke rubuce ba, masu wucewa ma ba sa karantawa. Ya liƙa ne don a san yana jin tsoro, a bar shi ya ci abinci. Da na karanta labarin nan rumfarmu na tuna. Baba na da matsaloli da yawa, amma babu wanda ke gaya masa abin da zai liƙa.

Daidaiton kuma fa? A Cek akwai shaguna na musamman, Tuzex, inda ake samun kayan waje, amma sai da wata takarda da ake saye da kuɗin ƙetare. A ƙofarsu 'yan canji ke tsaye suna harka a ɓoye. A Rasha manyan jam'iyya na da shagunansu da asibitocinsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Har karin magana mutanen Cek suka yi, wai wanda bai saci na gwamnati ba iyalinsa yake yi wa sata. Ƙasar Rasha da a zamanin sarakuna take fitar da alkama, a 1963 sai da ta sayo daga Kanada. 'Yan ƙananan filayen bayan gida da aka bar wa manoma, kusan kashi 3 cikin 100 na ƙasar noma, su ke ba da kusan rubu'in amfanin gonar ƙasar.

A Nuwamban 1989 'yan sanda suka daki ɗalibai a Prag, jama'a suka cika dandali, aka yi yajin aikin gama-gari, kafin ƙarshen Disamba Havel, wanda a farkon shekarar yake kurkuku, ya zama shugaban ƙasa. A Disamban 1991 Tarayyar Sobiyet ta watse gida 15.

ABIN DA ZAI CE, DA ABIN DA NA CE

Zai ce gurguzu ya koya wa talaka karatu, ya gina asibitoci, ya karya Hitla da ran mutum kusan miliyan 27, ya harba Gagarin sararin samaniya a 1961, ya taimaki masu yaƙi da mulkin mallaka, ya karantar da ɗaliban Afirka. Duk na yarda. Amma Finland ma ƙarƙashin sarkin Rasha take har 1917, ta kuma ilmantar da 'ya'yanta ba tare da sansanin gwale-gwale ba. Kafin yaƙi ƙasar Cek da maƙwabciyarta Ostiriya kusan kafaɗa ɗaya suke. A 1989 Ostiriya ta yi mata fintinkau.

Zai ce da gurguzu ya faɗi talaka ya fi shan wahala. A Rasha wannan gaskiya ce mai ɗaci. A 1992 farashi ya ninka fiye da sau ashirin, ajiyar tsofaffi ta narke, 'yan tsiraru suka wawure kamfanonin mai da na ƙarfe. Shi ya sa ɗan takarar gurguzu ya samu kashi 40 cikin 100 a zagaye na biyu na zaɓen 1996. A Cek ma an yi wawura wajen sayar da kamfanoni, kuma jam'iyyar gurguzu ta ci gaba da samun kujeru a majalisar wakilai har 2021. Amma ka lura da abu biyu. Wawurar ta yi sauƙi ne saboda an riga an tara dukiyar ƙasa duka a ɗaki ɗaya, kuma da yawan masu wawurar su ne masu riƙe da makullin tun da. Na biyu, 'yan gurguzu sun yi shekara talatin suna takara a ƙarƙashin abokan hamayyarsu a Cek. Su da suka riƙe mulki shekara arba'in ba su bar kowa ya yi takara da su ba.

Zai ce jari-hujja fa, da bautar da bayi da mulkin mallaka? Ni ba lauyansu ba ne. Ina ƙin mai ɓoye abinci, ina ƙin mai tauye mudu, ina ƙin mai cin gumin lebura, kuma tun a makarantar allo aka koya mana ƙin su, ni da kai. A hukunta su, a karɓi haraji a gina makaranta da asibiti, a bar ƙungiyoyin ƙwadago su yi yaji. Duk wannan ana yinsa kasuwa na ci.

Tambayata ɗaya ce ga samarin da suka yi tafi. Yau in maigidanka ya cuce ka, kana iya komawa wani maigidan, ko ka ranci jari ka kasa tire, ko ka hau mota ka canza gari. Ranar da maigidanka da mai gidan hayarka da mai shagon unguwa da alƙali da ɗan sanda da mai jarida suka zama mutum ɗaya, in ya cuce ka, wa za ka kai wa ƙara? Ma'aikatan Pilsen sun nemi amsar tambayar nan a 1953, na Nobocerkask sun nema a 1962. Kun ji abin da aka ba su.

Da na kwashe labarin gardamar na gaya wa Baba, dariya ya yi. Ya ce, "Ka ce wa ɗan nawa in ya dawo hutu ya zo ya ɗaura huhu ɗaya da hannunsa, ya raka shi har Kano, ya sayar, ya karɓo bashin. In ya dawo sai mu zauna ya gaya mini ko aiki ne ko ba aiki ba." Saƙon ke nan Kwamared, na isar. Tuwonka na nan a gidanmu kamar kullum, kuma in kana da ja a kan ko da shekara ɗaya ce cikin waɗanda na kawo, ka rubuto, zan sa shi a nan yadda ka aiko shi.

Allah ya yaye mana wannan tsanani, ya ba Baba lafiya, ya tsare mu a inda muke neman abinci. Sai mun sake haɗuwa.

Naku,
Ɗan mai goro, Sabon Shagamu.